Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jojiya Kan Tsibirin Sapelo

Zuwa ga Mai girma Brian Kemp,
Gwamnan Jihar Jojiya, Amurka.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen jiharka, maganar tsibirin Sapelo ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ni ba ɗan Jojiya ba ne, ba ni da ƙuri'a a can, kuma na san sai an yi maka tafinta kafin ka ji abin da na ce. Na dai nufo ka kai tsaye saboda kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibirin nan mallakar jihar da kake mulki ne. Dajinsa da fadamarsa da bakin tekunsa duk suna hannun Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta jiha, haka ma jirgin fiton da ake shiga da shi. Abin da ya rage shi ne eka 434 da ake kira Hog Hammock, unguwar da zuriyar bayin tsibirin ke zaune, kuma kusan nan ne kaɗai mai kuɗi zai iya sayen fili ya yi gini. Duk abin da zai sami Sapelo nan gaba, alheri ne ko akasinsa, ta wannan 'yar ƙofa zai shigo.

Gaɓar tekun Jojiya ba wani tsawo gare ta ba, mil 100 ce ko kusa da haka, amma Allah ya jera mata tsibirai a gaba, sun tsaya tsakaninta da Atlantika. Huɗu kaɗai mota ke shiga: Tybee da St. Simons da Sea Island da Jekyll. Sauran sai ta ruwa. Sapelo na cikin waɗanda ba a yi wa gada ba. Tsawonsa kamar mil 11, girmansa eka 16,500, kuma daga Meridian ake hawa jirgi a je, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba. Baƙo ma ba ya faɗawa jirgin haka kawai, sai dai in ya yi rajistar ziyara ko wani ɗan tsibirin ne ya gayyace shi. Wasu na ganin wannan takura ce. Ni a ganina rashin gadar nan ya fi kowace doka yi wa tsibirin aiki.

Irin waɗannan tsibirai ba zaune suke wuri ɗaya ba. Rairayi ne da igiyar ruwa ta tara, kuma igiyar ba ta daina aiki ba: tana yasar wani gefe tana kai wa wani, yawanci daga arewa zuwa kudu. In guguwa ta taso daga teku, bakin rairayin da jigawar da ke bayansa su ke fara shan duka, kafin ruwan ya kai garuruwan da ke kan tudu ƙarfinsa ya ragu. Bayan guguwar, ciyawar da ke kan jigawa ta sake kama yashin da iska ta kwaso, tudun ya sake tashi ba da kwabon kowa ba. Amma ranar da aka dasa otal a bakin ruwa, ranar aka ɗaura yaƙi da teku. Za a gina katangar kare otal ɗin, katangar ta mayar da igiya baya da ƙarfi, rairayin gabanta ya zaizaye, sai kuma a koma sayen yashi. Kai ka fi ni sanin yadda ake yi a Tybee, inda bayan 'yan shekaru sai injiniyoyin sojan Amurka sun tsotso yashi daga teku sun sake shimfiɗa bakin ruwa da miliyoyin daloli. Bakin tekun Nanny Goat da na Cabretta a Sapelo ba sa zuwa ofishinka da irin wannan takardar neman kuɗi.

A bayan tsibirin, tsakaninsa da babban yanki, akwai fadamar gishiri. Wanda bai sani ba zai ce ciyawa ce da taɓo da sauro. Sau biyu a rana teku ke cika ya shiga cikinta, ruwan ya tashi sama da mita biyu, sannan ya janye. Ciyawar da ake kira Spartina, wadda ke jure gishirin da zai kashe kusan kowane tsiro, tana girma ta mutu ta ruɓe, ƙananan halittu su ci ruɓaɓɓen, ƙaguwa da jatanlande da 'ya'yan kifi su ci su, zalɓe da balbela da kwasakwasa su ci waɗannan. Jatanlanden da masuntan Darien ke kamowa a teku, a wannan taɓon ya yi ƙuruciyarsa. Ana ƙiyasin kusan kashi ɗaya bisa uku na fadamar gishirin da ta rage a gabashin Amurka a jiharka take.

Kuma a Sapelo aka gano yawancin abin da na faɗa. A 1953 aka kafa cibiyar nazarin teku ta Jami'ar Jojiya a tsibirin, Eugene Odum na cikin waɗanda suka assasa ta. A nan John Teal ya auna yadda abinci ke tafiya daga ciyawa zuwa dabba a fadamar, ya buga sakamakon a 1962, har yau ɗaliban fannin na karanta shi. Ilmin bai kwanta a kan kanta ba. Da kamfanin Kerr-McGee ya nemi haƙar ma'adinin fosfet a fadamar da ke kusa da Savannah a 1968, hujjojin malaman Sapelo aka ɗauka aka kai majalisa, kuma a 1970 aka yi dokar kare fadamun gaɓar teku ta jiha. Gwamnan da ya sa mata hannu Lester Maddox ne, mutumin da baƙar fatan Jojiya ba su da dalilin tuna shi da alheri, amma a wannan dai ya yi daidai. A 1976 aka ware wani sashe na tsibirin ya zama wurin binciken mashigar ruwa na tarayya, ɗaya daga cikin na farko a ƙasar. A cikin teku kuma, mil goma sha wani abu daga gaɓar Sapelo, akwai Gray's Reef, wanda aka killace a 1981, aka sa masa sunan wani masanin halittu na cibiyar.

Bari in ɗan daɗe a kan kunkurun teku, domin labarinsa abin yabo ne ga jiharka, kuma yana nuna irin haƙurin da wannan aiki ke so. Daga watan Mayu zuwa Agusta, macen kunkuru mai babban kai, wadda ake kira loggerhead, tana fitowa da dare ta ja jiki zuwa gindin jigawa, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai sama da ɗari, ta rufe, ta koma ruwa. Ba ta ƙara waiwayarsu. Zafin rairayi ne ke kwanci, kimanin wata biyu, kuma shi ne ke yanke ko mata za a samu ko maza: in ya yi zafi sosai mata su fi yawa. 'Ya'yan kan fito da dare su nufi inda ya fi haske, wanda a bakin tekun da babu gini shi ne fuskar ruwa. Inda akwai fitilun gidaje da na titi sai su juya wa teku baya, gari ya waye musu a kan hanya. Wadda ta tsira daga ƙaguwa da tsuntsaye da kifi, sai ta yi shekara talatin ko fiye kafin ta dawo ta yi nata ƙwan.

Wato duk abin da aka yi domin kunkuru yau, sai bayan shekara talatin za a ga amfaninsa. A 2004 sheƙa 358 kacal aka ƙirga a duk gaɓar Jojiya. A 2022, kana kan mulki, an ƙirga sama da 4,000, adadin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara lissafi. Ka sha yabon, amma waɗanda suka yi shukar tuni wasunsu sun kwanta dama. Cikinsu akwai Sinkey Boone, masuncin jatanlande na Darien, a ƙaramar hukumar McIntosh ɗin da Sapelo ke ciki, wanda ya ƙera wata ragar ƙarfe da ake sawa a cikin koma, jatanlande ya wuce, babbar halitta ta sami ƙofar fita. Daga dabararsa aka samo na'urar da yanzu doka ta wajabta wa jiragen su. Akwai kuma matasan da ke zagaya rairayi da asuba suna ɗora raga a kan kowace sheƙa, saboda aladun da suka koma daji da dabbar rakun, waɗanda ba su da aiki sai tonon ƙwai. Aladen nan mutum ne ya kawo shi tsibirin, kuma kowace shekara sai an rage shi, in ba haka ba ya cinye abin da aka yi shekaru ana tarawa.

Sauran dabbobin ba sai na lissafa maka ba. Akwai kadoji a tafkunan ruwan daɗi, akwai barewa a ƙarƙashin manyan itatuwan ok masu rassa har ƙasa, akwai shanun da suka zama na daji tun zamanin masu gonaki. Har wani tsuntsu mai suna chachalaca akwai, wanda wani attajiri ya kawo a shekarun 1920 domin farauta. Da sanyi kuwa, daga Disamba zuwa Maris, wasu manyan dabbobin teku, nau'in wel da ake kira right whale na arewacin Atlantika, kan zo ruwan Jojiya da arewacin Florida su haihu. Ba su kai 400 ba a duk duniya, kuma jirgi mai gudu da igiyar kamun kifi ne ke ƙarar da su.

To, ranka ya daɗe, a takardun yawon buɗe ido ana kiran irin wannan wuri wanda hannun mutum bai taɓa ba. Sapelo kam hannu ya taɓa shi, ya daɗe yana taɓawa. A arewacinsa akwai manyan da'irori na ɓawon kawa da mutanen farko suka tara fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Bayansu mutanen Guale, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suka zauna, 'yan mishan na Sifen suka kafa coci a cikinsu a ƙarni na 17, daga sunan wurin, Zapala, aka sami Sapelo. Wasu Faransawa suka saye shi wajen 1790, suka ɓata a tsakaninsu, abin ya watse. A 1802 Thomas Spalding ya shigo, kuma shi ne ya mai da tsibirin gona. Ya sa aka sare daji, aka haƙa magudanai aka tsane fadamu, aka shuka auduga da rake, aka gina gidaje da matsar rake da wani irin kwaɓi na tokar ɓawon kawa da yashi. Na ce ya sa aka yi, domin waɗanda suka yi aikin da hannunsu bayi ne, ɗaruruwa, 'yan Afirka da 'ya'yansu. Hasumiyar fitilar da aka gina a 1820, mai ja da fari, ita masu ɗaukar hoto ke so. Magudanan da bayi suka haƙa sun fi ta ba da labari, kuma zan dawo kansu.

A cikin bayin nan akwai Bilali Muhammad, kuma shi ne dalilin da ya sa mai rubutu da Hausa ke ganin yana da ta cewa. Mutumin Timbo ne, a Futa Jallon, ƙasar Gini ta yau. Ya yi karatu kafin a kama shi, ya yi zaman bauta a tsibiran Karibiyan, sannan aka kawo shi Sapelo, inda Spalding ya ɗora shi a kan sauran bayi. Ana ba da labarin cewa a yaƙin 1812 an ba shi bindigogi ya shirya mutane su kare tsibirin daga Turawan Ingila, kuma a guguwar 1824 shi ya tattara jama'a cikin gine-ginen kwaɓin nan suka tsira. Ba na so in mai da shi waliyyi. Shugaban bayi a gonar bawa matsayi ne mai wuyar sha'ani, kuma Allah kaɗai ya san abin da ya gani da abin da ya yi. Abin da ba a musu a kai shi ne ya riƙe addininsa. A shekarun 1930, da ma'aikatan gwamnati suka zo tattara labaran tsofaffi, jikokinsa sun faɗi yadda shi da matarsa ke fuskantar gabas su yi salla a kan shimfiɗa, da carbi a hannu, da yadda 'ya'yansa mata ke yin wainar shinkafa a raba wa yara sadaka. An ce da Alƙur'aninsa da buzunsa aka binne shi.

Ya kuma bar ɗan littafi mai shafi 13 da ya rubuta da haruffan Larabci, yanzu yana ɗakin karatun Hargrett a Jami'ar Jojiya da ke Athens. An daɗe ana zaton labarin rayuwarsa ne. Da Joseph Greenberg, masanin harsuna, ya zo ƙasar Kano bincike a ƙarshen shekarun 1930, ya taho da kwafin rubutun ya nuna wa malamai. Rubutun ya ba su wuya, domin hannun mutum ne da ya daɗe da rabuwa da makaranta, yana rubuta kalma yadda kunnensa ya riƙe ta. Daga baya suka gane maganar alwala ce da kiran salla da tauhidi, suka alaƙanta shi da Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda kowane ɗalibin zaure ya sani. Greenberg ya buga wannan a 1940. Masana na baya sun ce ba kwafin Risalar ba ne kai tsaye, abin da ya rage a ƙirjinsa ne na karatun Malikiyya. Ko wanne ne, takarda ce da aka rubuta a tsibirinka, malamanmu suka taya karanta ta. Zuriyar mai ita kuwa ba su ƙare ba. Marigayiya Cornelia Walker Bailey, wadda ta rasu a 2017 bayan ta shafe rayuwarta tana fafutukar Hog Hammock, daga tsatsonsa take.

Ana gab da ƙarshen yaƙin basasar Amurka, a Janairun 1865, Janar Sherman ya ba da umarnin raba ƙasar tsibiran nan ga 'yantattun bayi. Shekara ba ta zagayo ba Shugaba Andrew Johnson ya warware. Mutanen Sapelo ba su zauna kuka ba. Suka kafa cocinsu a 1866, suka tara kuɗi, a 1871 suka sayi ƙasa a Raccoon Bluff da guminsu. Ƙauyuka suka tashi: Shell Hammock, Belle Marsh, Lumber Landing, Hog Hammock. Sai attajirai suka zo. Howard Coffin na kamfanin motocin Hudson ya sayi yawancin tsibirin a 1912, har Shugaba Coolidge ya sauka a gidansa. A 1934 ya sayar wa R. J. Reynolds ƙarami, magajin dukiyar taba. Reynolds ɗin nan shi ya ba malaman jami'a wurin zama da kuɗin bincike, kuma shi ne dai ya bi ƙauyukan baƙar fata ɗaya bayan ɗaya, da musayar fili da matsin lamba, har ya tattara kowa a Hog Hammock, wuri mai kwari kusa da fadama, domin arewacin tsibirin ya zama dajin farautarsa. Bayan mutuwarsa matarsa ta sayar wa jiha, rabi a 1969, rabi a 1976. Kashi 97 ɗin da ke hannunka ta wannan hanya ya zo. Dajin da ake yabo a Raccoon Bluff, akwai kufan gidajen mutane a ƙarƙashinsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a McIntosh. A 1942 gwamnatin tarayya ta tashi iyalai baƙar fata kimanin 75 daga Harris Neck domin filin jirgin soja. Yaƙi ya ƙare, ba a mayar musu ba, yau wurin mafakar tsuntsaye ce. Tsuntsayen sun ji daɗi, ba na musu. Amma wanda aka kori kakansa domin a yi wa shamuwa masauki, kada a yi mamaki in ya ji kalmar kare muhalli ya ɗaure fuska. Ɗaya fuskar kuma tana Hilton Head a Karolina ta Kudu, inda aka yi gada a 1956, filayen golf da gidajen hutu suka biyo baya, mutanen Gullah, wato zuriyar bayin Afirka na wannan gaɓar teku, suka zama 'yan tsiraru a ƙasar kakanninsu, dajin ma ya tafi. A Harris Neck an kori mutane an bar daji, a Hilton Head an rasa duka biyun. Sapelo na cikin wurare kaɗan da har yanzu ake iya riƙe mutanen da dajin tare.

Amma mutanen sun kusa ƙarewa. Zuriyar bayin da ke kwana a Hog Hammock yau ba su kai 50 ba. An rufe makarantar tsibirin tun 1978, yaran da suka rage jirgi suke bi kullum. Babu asibiti. Mafi yawan filayen gado ne da ba a raba ba, sunan kaka na kan takarda, magada sun watsu daga Savannah har New York, kuma ya isa mutum ɗaya ya sayar da rabonsa ga baƙo rigima ta tashi. Jiharka ta gyara dokar irin wannan gado a 2012, abin a yaba ne, sai dai doka ba ta biyan lauya. A shekarar 2012 ɗin ne kuma ƙaramar hukuma ta sake ƙiyasin darajar filaye bisa farashin da baƙi ke saye, harajin wasu tsofaffi ya ninka sau da yawa a shekara guda, a wurin da ba kwalta, ba motar kashe gobara ta kirki, ba ɗaukar shara. Suka kai ƙara kotun tarayya a 2015. Jiha ta sasanta da su a 2020, ƙaramar hukuma a 2022.

A 1994 aka kafa ƙa'idar da ta hana gina gidan da ya wuce murabba'in ƙafa 1,400 a Hog Hammock, kuma an rubuta dalilin a fili: kada darajar ƙasa ta hau har ta kori 'yan asalin wurin. A Satumban 2023 kwamishinonin McIntosh, uku a kan biyu, suka ɗaga iyakar zuwa 3,000. Mutane suka tara sa hannu sama da 2,000 domin a yi ƙuri'ar raba gardama, alƙali ya tsayar da ita ana tsakiyar jefawa, sai a 2025 Kotun Ƙolin jiha ta ce suna da 'yancin yin ta. Na san za a ce maka wannan hurumin ƙaramar hukuma ne, gwamna ba ya tsoma baki. Ni kuwa abin da na koya daga rigimar shi ne, duk yadda ƙuri'a ta kaya, kariyar da mutum uku ke iya cirewa a zama ɗaya ba kariya ba ce da za a jingina al'umma mai shekara 200 a kanta.

Kuma jiha ba 'yar kallo ba ce. A 1983 majalisarku ta kafa Hukumar Gadon Tarihi ta Tsibirin Sapelo, ta rubuta a cikin doka cewa mafi alherin amfanin wannan wuri shi ne ya ci gaba da zama al'ummar zuriyar bayin Spalding. Hukumar na riƙe da filaye a cikin Hog Hammock, kuma ofishinka na da hannu a tafiyar da ita. Roƙona na farko ke nan: filin da ke hannunta a ba zuriyar da ke son dawowa haya mai tsawo da sauƙi, in kuma wani ya matsu zai sayar, hukumar ta riga ɗan kasuwa saye ta ajiye musu. Ka kuma kai wa majalisa ƙudurin da zai daskarar da harajin filin gado muddin yana hannun magada. Jojiya ta daɗe tana sassauta wa mai gona da mai dajin katako haraji domin kada su sayar wa masu gini. Hujjar da ta halatta wancan ita ce ta halatta wannan.

Wani zai ce mene ne haɗin girman gida da kunkuru, tunda Hog Hammock ba a bakin teku yake ba. Haɗin shi ne tsibirin ba shi da bututun kwashe ƙazanta, kowane gida ramin kansa yake da shi, a ƙasar da ruwa ke kusa da sama. Babban gida mai banɗaki huɗu da baƙin ƙarshen mako, abin da ya zubar fadama zai gangara, inda kawa ke tace ruwa, inda malamai ke auna ruwan tun 1953 saboda tsabtarsa. Bayan gidajen sai motoci, bayan motoci sai neman faɗaɗa hanya zuwa rairayi da ƙarin zirga-zirgar jirgi. Masu irin wannan gida kuma suna da lambar wayar 'yan majalisa. Mutanen da ke noman jan wake da rake a bayan gida, suna jefa birgi a rafi su kamo na miya, sun zauna da fadamar nan tsawon ƙarni biyu ba ta lalace ba. In ana neman shaidar irin zaman da tsibirin ke iya ɗauka, ga ta nan.

Na ce zan dawo kan magudanai. An haƙa su ne domin ruwan sama ya fita. Yanzu teku ya tashi, ma'aunin tsayin ruwa da ke Fort Pulaski, kusa da Savannah, tun 1935 yana nuna hawan da ya haura santimita 30 a ƙarni, don haka idan ruwa ya cika sosai sai ya biyo magudanan nan a juye ya shigo gari, gishiri ya ƙone shuka ya kashe itatuwa. A guguwar Irma ta 2017 ruwan teku ya mamaye unguwar. Magudanan suna ratsa ƙasar jiha kafin su kai teku, saboda haka gyaransu, da sa musu ƙofofin da ke hana ruwa komowa, aiki ne da ba wanda zai iya sai ma'aikatarka. Cibiyar binciken da ta fi kowa sanin ruwan nan tana nesa da su da 'yan mil kaɗan. Tunda kuma jiha ce ta gaji tudun da aka tashe su daga kai, bai kamata maganar ba su wani wuri mai tudu ta zama abin da ba a furtawa ba.

Sai maganar da ta fi zafi. Ranar 19 ga Oktoban 2024, ranar bikin al'adun Gullah Geechee da ake yi duk shekara, ɗaruruwan baƙi na jiran jirgin komawa, gadar ƙarfen da ake takawa a hau jirgi ta karye a tsakiya. Mutum bakwai suka rasu, dukkansu sun haura shekara 70. 'Yan tsibirin da baƙi ne suka faɗa ruwa suna ciro mutane kafin taimako ya ƙetaro. Gadar ba tsohuwa ba ce, a 2021 aka yi ta, cikin ayyukan da jiha ta ɗauki alkawari a sasancin 2020. Maganar wa ke da laifi tana gaban kotu, ba zan riga alƙali ba. Abin da ke hannunka shi ne a fitar da duk rahoton binciken a bainar jama'a, a riƙa duba mashigin a kan kari ana liƙa sakamakon inda fasinja zai gani, a kuma ajiye ma'aikacin lafiya na dindindin a tsibirin. Wanda ya hana gadar mota zuwa tsibirin, kuma na goyi bayan hanawar, ya ɗauki nauyin jirgi da duk abin da ake takawa a hau shi.

Ka kuma daure ka je da kanka, ba a ranar biki ba, ba kuma masaukin Reynolds za ka tsaya ba. Ka zauna da dattawan cocin First African Baptist da na St. Luke, ka sa shugaban Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ya zauna kusa da kai da takarda a hannu, a fito da ranar da za a fara aikin magudanai da ranar da Hukumar Gadon Tarihi za ta yi zamanta a cikin Hog Hammock, ƙofa a buɗe.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai bibiyar al'amuran Sapelo daga nesa.